Ƙarfen Sama a Fadamar Geza

"Gobe kowa ya nisanci fadama, a fake cikin kasuwa!" Injiniya Dapo ya gargaɗi mutanen Geza. Lissafinsa ya nuna mataccen tauraron ɗan'adam zai tarwatse a sama, tarkacen ya zubo fadamar.

Da safe ya leƙa. Masu jin magana! Garin kaf yana fadama, har da 'yan gwangwan daga Benin. Matarsa Jumoke ma ta kafa tukunyar shinkafa.

"Injiniya, gusa, nan ni kama," in ji Lauwali maƙeri, yana shimfiɗa buhu. "Ƙarfe kyauta, mu gudu?"

Da hantsi ƙarfen ya faɗo, ya ragargaza rumfunan kasuwa.

Ba kowa a ciki.

Yanzu duk Geza ba a yanke shawara sai an tambayi Injiniya, don a san abin da za a bari.