Gefen Hagun Motar Dokta

Tun kafin motar ta shiga Malbaza aka fara bin ta da gudu. Dokta Munkaila, wanda ke hakimce a baya ta gefen dama kamar yadda ya ga manya suna yi, ya gyara hula ya ɗaga hannu ta bayan gilashi. Masu lodin siminti suka watsar da buhuna a bakin hanya, fuskokinsu fari fat, suna tsalle.

Shekara ashirin da ɗoriya ya yi a Kanada yana koyar da tattalin arziki. Ya dawo ya ce yana neman jam'iyyarsu ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a babban taronta mai zuwa. A Yamai an karɓi maganar da ladabi, wato sai da ya fita aka yi dariya. Ba shi da ubangida a jam'iyya, ba shi da wakili ko ɗaya. Hotunansa da aka manna a Ƙonni kuwa, awaki sun fi mutane nuna musu sha'awa.

Sakataren jam'iyya, Alhaji Abdoulaye, ya ja shi gefe. In ya janye kafin rana ta faɗi ran Alhamis, akwai kujerar minista tana jiransa. In ya ƙi, Kanada tana nan inda ya bar ta. Dokta ya ce sai ya fara zagaya ƙasar haihuwarsa ya auna jama'a.

Yayarsa Tsahara ce ta shirya tafiyar. Ta aro babbar mota kat-kat, ta kawo direba da kanta: Alkasum, mutumin Bazaga, ƙato mai wuyan da maɓallin riga ya daɗe da haƙura da shi.

"Da wanga za ka, in ba haka ba ba ka zuwa," ta ce. "Ba ni son ka sha kunya. Ka zagaya a yi maka tafi, ka dawo ka amshi ministanka."

Kunya kuwa ba ta samu ko wurin tsayawa ba. A Malbaza makaɗa suka tare hanya da ganguna, suna buga wani take mai zafi wanda kowa ya san amshinsa, har da tsofaffi. Dokta ya yi mamakin yadda aka tsara masa kiɗa cikin 'yan kwanaki, ya bazu haka, ba tare da an nemi ko goro daga gare shi ba. Ya yanke cewa abin da littattafai ke kira ƙaunar talaka ke nan.

Ya lura cewa taron kullum gefen hagun mota yake cika. Ya duba sama, ya ga ta nan inuwa take, ya gamsu.

A Illela mata suka kawo fura cikin ƙwaryar da za ta ishi mutum biyar, suka miƙa ta tagar gaba. Wannan ma ya burge shi, don babban mutum ba a miƙa masa abu hannu da hannu. Alkasum ya kafa kai ya shanye, ya mayar da ƙwarya, aka yi guɗa. Wani mahauci ya ɗaure rago a bayan mota, ya ƙi faɗin sunansa.

"Alkasum, ka ga abin da nake gaya musu a Yamai?"

"Na gani, ranka shi daɗe."

"Ka taɓa ganin taro haka?"

Alkasum ya ɗan yi tunani. "Na taɓa."

Dokta ya yafe masa. Ba kowa Allah ya ba basirar siyasa ba.

Ran Alhamis suka shiga Badagishiri ana tsakiyar cin kasuwa, sai kasuwar ta tashi. Masu albasa suka bar albasa, masu amalanke suka bar jakuna. Samari suka tuɓe riguna suna dukan ƙirji, suka kama motar ta kowane ɓangare har Dokta ya ji ƙafafunta sun rabu da ƙasa. Ragon ya yi kuka, Dokta ya yi dariya irin wadda rabonsa da ita tun yana ɗan makaranta a lakwal. A ransa har ya naɗa ministoci uku, ya sauke ɗaya.

Ya ciro salula ya kira Yamai.

"Alhaji, saurara." Ya sauke gilashi ya miƙa salular waje, ganguna suka shiga cikinta. "Ka ji? Kujerarku ku ba mai bukata. Mu haɗu a zauren taro."

"Dokta, ka yi tunani dai. In na ajiye wayar nan wani zan kira."

"Kira shi, ka gaishe min da shi."

Ya kashe. Ya fito ya hau rufin mota da lasifika, babbar rigarsa tana kaɗawa. Alkasum ya leƙo ya nemi izinin zuwa sallar la'asar, Dokta ya sallame shi da bayan hannu, ya buɗe baki ya ce, "'Yan uwana talakawa."

Talakawan suka juya. Ganguna a gaba, samari a tsakiya, mata da guɗa a baya, duk suka kwarara suka bi lungun masallaci. Kafin ya kai ga batun farashin taki, filin ya rage daga shi sai rago, sai wata tsohuwa mai tumatir da ƙafa ta hana ta gudu.

Ta kare ido da hannu ta dube shi.

"Ɗana, sauko kar ka lotsa mota," ta ce. "Kai dai ka yi sa'a. Wane ne ubanka a ƙasar ga, da har sarkin kokowar da ya ɗauko muna takobin gasar ƙasa sau biyu yake tuƙa ka?"