Haƙarƙari Goma Sha Takwas

Karo na uku ke nan cikin mako guda da teku ya tofo irin wannan abu bakin gaɓa: ba kai, ba wutsiya, ba fata, ƙafafu guntaye, ga wari mai tayar da zuciya. Kafin hantsi ya dubi ludayi unguwa ta kwashe ta koma can. Masu waya na ta ɗauka, wani na rantsuwa ɗan aljanin ruwa ne, wata kuwa ta ce ai ita tun shekaranjiya ta yi mafarkinsa.

Tsohon mahauci ya tsaya gefe, ya dogara da sandarsa, yana yi musu kallon banza. Shekara arba'in ya yi yana fiɗa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Daga nan inda yake ya ƙirga haƙarƙarin da ya fito fili ta gefe guda, ya samu goma sha takwas. Na saniya goma sha uku ne. Wannan dodon da ya hana gari barci jaki ne, jakin da kowa ya sani, mai ɗaukar itace.

Ɗansa ma ake jira. Shi ne likitan dabbobi na mayankar gari, wanda ko tsoka ba ta fita kasuwa sai ya duba. Tsoho ya so a ce yau yaron ya fitar da shi kunya a bainar jama'a.

Sai ga Likita da farar riga da safar hannu. Ya sa aka kewaye wurin da igiya, ya zagaya gawar sau biyu ba tare da ya taɓa ta ba. Iskar teku na kaɗawa, shi kuwa gumi yake sharcewa.

"Wata halitta ce ta can ƙarƙashin ruwa, wadda ilimi bai kai gare ta ba tukuna," in ji shi. "Kada wanda ya matso, tana iya ɗauke da cuta. Yanzu za a binne ta, kamar na baya."

Jama'a suka ɗauki salati. Tsoho ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara shida a jami'a, har rumfarsa ya sayar saboda wannan karatu, ga abin da aka samo: ƙato da tabarau, bai iya ƙirga ƙashi ba. Ko mai wankin tumbi a kwata ya fi shi.

Ya jawo ɗan nasa gefe. "Likita, rufa mana asiri. Jaki ne fa. Ƙirga haƙarƙarin ka gani."

"Baba, don Allah ku koma gida. Wannan ba aikinku ba ne."

"Ba aikina ba? Ni?"

Amma Likita ya riga ya juya, yana waya, yana yi wa mai motar haƙa rami faɗa kan ya yi sauri.

Ran tsoho ya ɓaci. Gara shi ya tona jahilcin ɗansa da bakinsa da a ce gobe wani bare ya tona, a yi ta yi musu dariya har jikoki. Ya ɗaga igiya ya shiga.

Da ya matso sai ya ga wuyan ba cin kifi ba ne, yankan wuƙa ne. Ƙafafun ma a daidai gaɓa aka cire su, aikin wanda ya iya. Ya sa sanda ya tura, ya ƙara da ƙafa, gawar ta kife.

A kan cinyar, da shuɗin tawadar da ruwan gishiri bai gama wankewa ba, ga hatimin mayanka raɗau: "Naman shanu, an duba, ya dace a ci," da lambar ɗansa a ƙasa.