Numfashi Ashirin da Huɗu

A bencin bayan ɗakin marasa lafiya Malam ya same ta, shayi ya huce a hannunta. Wata uku ke nan nas ɗin tana riƙe da gadaje talatin ita kaɗai. Abinci ya daina yi mata ɗanɗano, gashinta na bin mataji, barci kuwa sai dai ta ji labari.

Ya zauna nesa kaɗan yana goge allin da ya saura a yatsunsa.

"Sista, na gaji da kewaye-kewaye. Aurenki nake so."

Ta daɗe tana jiran wannan maganar. Ta saurari ƙirjinta, ta ji shiru kamar ɗakin da aka kwashe kayansa. Idonta ya sauka kan agogon da ke maƙale a rigarta, ya koma kan kafaɗunsa da ke hawa da sauka.

"Ba ki ce komai ba."

"Ashirin da huɗu," ta ce.

"Na'am?"

"Numfashinka a minti ɗaya. Ya yi yawa." Sai a lokacin ta ji abin da ya fito daga bakinta. "Yi haƙuri, Malam, ba ƙi na yi ba. Farin cikin na nema, ban same shi inda na ajiye ba."

Ya karɓi kofin ya ajiye a ƙasa.

"Ke fa, wa ke ƙirga naki?"

Ta buɗe baki, ƙararrawar gado na tara ta kaɗa. Ƙafafunta suka riga ta amsawa.