Auren da Aka Ɗaga

Ina ƙarama, zamanin kuɗin fetur, gwamnati ta tura Baba karatu Landan, muka kama haya a gidan wata tsohuwa Bayahudiya. Ni aka zaɓa in riƙe furanni a auren 'yarta. Wata la'asar na ji an ɗaga bikin, na ruga kicin ɗinta ina kuka, na zaci an fasa.

Ta ce, "Ranar ce ta faɗa cikin idinmu. Ba ma haɗa murna biyu."

Baba ya leƙo. "Mama, al'ada ce ko hukunci?"

"Hukunci ne. Malamanmu daga Annabi Sulaiman suka ciro shi: bikin buɗe ɗakin ibada daban ya yi, na idi daban."

Na ce, "To idan rigata ta yi mini kaɗan fa?"

Ta yi dariya. "Sati biyu ne kawai, 'yata."

Har yau ina jin daɗin ajiyar zuciyar da na sauke.