Gurbin Ruwan Sama

Yau ma saƙon safe bai fita ba. Manoman Kore Mairuwa da Ɗan Kassari sun duba wayoyinsu ba su ga komai ba, ga hadari yana haɗuwa a gabas, kowa yana shawarar ko ya fito da irin gero ko ya dakata.

Saƙon nan aikin Afra'u ne. Wata ƙungiyar taimakon manoma a Dogon Dutsi ce ta ɗauke ta aikin gwaji, bayan ta gama karatu a Yamai. Ta tarar da tsohon shirin lissafi a kwamfutar biro, wato ofis, an rubuta shi da harshen kwamfuta na MATLAB. In aka ba shi ƙunshin bayanai mai gurabe, wato sunan ƙauye, irin ƙasa da yawan ruwan da ya sauka, sai ya faɗi ko lema ta isa shuka. Ita kuma ta rubuta nata da Python, wanda yake kiran tsohon shirin, ya miƙa masa ƙunshin, ya karɓi amsa, ya aika wa manoma.

Gadar nan da ta haɗa tsohon shirin da manoma ta yi kyau a gwaji. Amma kowace safiya sai ta karye.

Direkta Abdulhakim, wanda shi ma bana aka kawo shi daga Doso, bai ɓoye mata ba. "Madmazel, in aka yi shuka abin nan bai gyaru ba, zan nemo wani." Afra'u ta koma kan kwamfutarta. Da albashin nan take riƙe mahaifiyarta.

Ta bi sawun matsalar har ta gano ta. Kiran farko na kowace rana yana zuwa da gurbin ruwan sama wayam. Tsohon shirin ba ya lissafi da wayam, sai ya maido da kashedi a kan allo. Can da, ana cike gurbin a sake kira, shi ke nan. Yanzu kuwa kashedin yana faɗowa cikin nata shirin ya kashe shi, saƙon ranar ya mutu tare da shi. Kashedin ma ba irin na ma'aikata ba ne. Da Hausa aka rubuta shi: "Kai tsoho, ka sake mantuwa! Tofar da goron nan ka duba da kyau." Ta yi tsaki. Duk wanda ya rubuta wannan bai san ladabi ba.

Mutum ɗaya ke shigar da bayanan safe, Baba Munkaila. Tun kafin a haifi Afra'u yake auna ruwan sama a ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi. Shi ke fara zuwa biro, ya jingine kekensa, ya goge madannan kwamfuta da gefen rawaninsa kafin ya taɓa su. Ta duba aikinsa na shekarun baya, ba ta sami kuskure ko na ɗigo ba. Gurbin nan kaɗai yake tsallakewa, kuma daga bara abin ya soma.

Wata safiya ta yi sammako ta tsaya bakin taga. Ta gan shi ya danna, kashedin ya fito, ya matso da fuskarsa kusa da allo ya daɗe yana kallo, leɓunansa suna motsi. Daga nan ya share ido, ya cike gurbin, ya sake dannawa. Bai san saƙon ranar ya riga ya mutu daga ciki ba.

Idanu ne, in ji ta a ranta. Tsufa ya zo. In direkta ya ji, sallamarsa zai yi. Ta yanke shawarar ba za ta faɗa wa kowa ba.

Ta gyara abin daga nata gefen. Ta sa shirinta ya riƙa bincika ƙunshin kafin ya miƙa shi. In akwai gurbi wayam, ba zai kira tsohon shirin ba sam, zai jira shiru har a cike. Kashedin ba shi da sauran hanyar fitowa.

Washegari saƙo ya fita a kan lokaci. Aka yi ruwa mai ƙarfi a Tibiri, manoma suka bugo waya suna godiya, direkta ya ce ta zauna da aikinta.

Da murnarta ta shiga wurin Baba Munkaila. Ta same shi zaune gaban allo, ya bar gurbin wayam, yana dannawa yana sake dannawa.

"Baba, ka huta," ta ce. "Na rufe bakin marar kunyar nan. Ba zai ƙara yi maka tsiya ba."

Ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Har abada, ɗiyata?"

"Har abada, Baba."

Ya gyaɗa kai, bai dube ta ba.

"Allah shi yi miki albarka, kin yi aikinki," ya ce. "Jikata Nusaiba ce ta rubuta shirin nan. Tun da muka binne ta bara, nan kaɗai take yi mini magana."