Barden da Ƙarfe Bai Taɓa Ba

Wuƙar da Yusha'u ya ɗauro a damtse ta iso Wurno a makare. Wanda aka wasa ta dominsa ya cika tun da asuba, bisa gadonsa, jikoki kewaye da shi, ko tari bai wahalar da shi ba.

Yusha'u Bagobiri ne, daga wani ƙauye arewa da Goronyo. Yana saurayi mayaƙan Wurno suka faɗa wa ƙauyensu, ya kuma gani da idonsa wani mahayi cikin sulke da kwalkwali, riƙe da jar garkuwa, fuska rufe da amawali, ya soke tsohonsa a bakin rumbu. Daga baya aka faɗa masa sunan mai jar garkuwar nan: Barde Zayyanu. Tun ranar yake shiri. Shirin ne dai ya ɗan ja, yau noma, gobe ciwon baya, jibi labarin masu tsaron ƙofar Wurno, har furfura ta riga shi tasowa.

Ya sami gefen tabarma a ƙofar gida, cikin masu jiran a fito da gawa, ya zauna yana shan yabon maƙiyinsa kamar maɗaci.

Tsofaffin mayaƙa suka ce daga yaƙin Gobirawa har na Kabawa Barde bai taɓa fashin fita ba. Da ya fito a kan doki ba ya ce wa kowa uffan sai ya koma ya sauka cikin gidansa, wai sharaɗin laƙaninsa ke nan. Mai wankan gawa, wanda bai kamata ya faɗi abin da ya gani ba, ya faɗa: babu tabo a jikin, ko na ƙaya.

Maƙwabta kuwa suka ce ai a bar zancen yaƙi, a yi na iyali. Mutum ne da ke dama wa matarsa fura in ba ta da lafiya, ya san ɗan da ba ya son kuka a miya. Mijin ungozoma ya rantse cewa ranar da ake karo da Kabawa, matarsa ta ji muryar Barde a cikin gida yana yi wa jariri huɗuba a kunne. Malamai suka jinjina kai. Mutum ɗaya a wuri biyu, ai wannan sai waliyyi.

Mai raba ruwa wani tsohon bara ne, Kyauta, mai kula da dawakin gidan. Ko a ranar makoki ba a fasa tsokanarsa ba, don kowa ya san da an buga gangar yaƙi yake ɓacewa, sai an dawo ya ɓullo duk rauni, ya ce sartse ne da cizon jaki. Shi ma dariya yake yi.

Yusha'u ya daɗe yana auna wuyan Mu'azu, babban ɗan mamacin. Amma mece ce ribar yanka ɗa in uban ba zai ji ba? Abin da zai bi Barde har kabari yake so.

Aka fito da makara. Liman ya yi abin da aka saba kafin salla: ya roƙi jama'a, duk wanda mamaci ya taɓa saɓa wa, ya yafe masa don ya kwanta da sauƙi. Baki ɗaya aka amsa. Yusha'u ya bari amsar ta lafa, sannan ya miƙe.

"Ni ban yahe ba. Ya kashe min uba bakin rumbu, tsoho, hannu wohi. Ku kai shi, ya jira ni can."

Wuri ya yamutse. Mu'azu ya ruga neman takobin ubansa, tsofaffin mayaƙa suka fara lalubar sandunansu. Cikin wannan ruɗani wani ya fizgi rigar Yusha'u, ya bi da shi ta bargar dawaki, ta wata ƙaramar kafa a bango, sai ga su cikin gero. Kyauta ne.

Har mashigin gulbin Rima ya raka shi. A hanya Yusha'u ya amayar da labarin duka, Kyauta na saurare, yana tambayar wace shekara ce, wane ƙauye, rumbun yana gabas ko yamma. Kyauta ya yarda ƙwarai cewa wanda ya yi wannan aiki ba shi da mafita gobe kiyama, sai fa in mai haƙƙi ya sauke masa da bakinsa. Yusha'u ya ce to, an makara.

A bakin ruwa masunta na gyaran koma, mai jirgi na jira. Kyauta ya kama hannunsa biyu-biyu, yadda tsofaffi ke yi in za su rabu ba su sa ran sake gamuwa.

"Malam, hanya ta gama mu, ga ta za ta raba mu. Ni na yahe ma. Kai ma ka yahe min, abin da kas sani da wanda ba ka sani ba."

"Kai da kac ceci raina, baba? Mi za ni riƙe ka da shi? Na yahe, duniya da lahira."

Kyauta ya ce kunnensa ya yi nauyi, a ƙara faɗa. Yusha'u ya maimaita da ƙarfi, har masunta suka ɗago suka ce sun shaida, Allah ya ba da lada.

Jirgi ya tashi. Yusha'u ya zauna yana murmushi, zuciya wasai, yana hango Barde tsaye ranar hisabi da jinin tsoho a wuyansa, babu mai sauke masa.

Barde dai zai iya jiransa hankali kwance. Bawan Allahn nan bai taɓa fita ƙofar Wurno da sulke ba: yana cikin gida yana renon 'ya'yansa, Kyauta ne ke sa sulken ya tafi.