Maki Talatin da Takwas

"Saura minti biyar," in ji Felicia mai shagon intanet. Na amsa tambayar ƙarshe a gwajin galahanga, wato autism, a kwamfuta: e, ba na iya kallon idon mutane. Maki talatin da takwas, shafin ya ce in ga likita.

Na buga sakamakon, na kai wa Baba takardar. Shekara uku kakata Hajiya tana tura ni rukiyya duk Alhamis, shi ke raka ni.

"Baba, ba aljanu ba ne. Ka gaya wa Hajiya."

Bai dube ni ba. Ya zaro tsohuwar takarda daga aljihu, mai sunansa. Maki arba'in da ɗaya.

"Na gaya mata tuni. Kana zaton rakiya nake yi? Sa takalminka, yau Alhamis."